Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Ku ɗiyana da jikokina, na san abin da ake gaya muku a kaina a Kore Mairuwa. Ana cewa boko ya shiga kan Kulu da tsufa, har ta zubar da kunyarta a tsakiyar kasuwa gaban yara masu cacar ƙwallo. Gaskiya ne, na yi abin da sunka ce na yi. Sai dai masu faɗin ba su fara labarin daga farkonsa, ba su kuma kai shi ƙarshe. Tun da Allah ya sa hannuna ya iya riƙe alƙalami kafin in mutu, to ku ji shi daga bakin mai shi.

Kun san ni, ba ni ajiye magana ta kwana a cikina. Mai unguwa ya sha bakina, mai karɓar haraji a kasuwa ya sha, babanku kuwa ba a magana. Mutum ɗaya ne a duniya bakina bai taɓa dosa ba, shi ne yayanku Tankari, ɗan farina. Haka munka taras ana yi a Arewa. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zama su yi hira. Ana yaye shi yayata Dije ta goya shi ta tafi da shi ɗakinta, ita ce Innarsa, ni kuwa Kulu yake ce mini kamar kowa. Da ya girma ya dawo gidan ubansa ya yi aure, ni dai ban canza ba. Yana ƙarami “wancan” nake ce masa, da ya sayi moto, wato babur, yana kabu-kabu ya koma “mai moto”. In ina da saƙo gare shi, ko yana tsaye a gabana, sai in dubi bango ko kazar da ke kiwo in ce, “A gaya wa wancan tuwonsa na nan yana hucewa.” Shi ma sai ya dubi kazar ya ce an ji. Ba ƙiyayya ba ce. Son da nake yi masa ya fi ƙarfin a nuna shi, haka anka koya mana.

A shekarar da nake ba ku labari na riga na haura hamsin, na gama karatun yaƙi da jahilci, ina ta ɗoki kamar yarinyar da anka saya wa sabon zane. Duk allon da na gani a bakin titi sai na tsaya na karanta shi da ƙarfi. Saboda haka ne gidan likita sunka zaɓe ni cikin matan da ke shiga gida-gida suna yi wa mutane bayanin allura da awon ciki, waɗanda ake ce wa rile. A shekarar nan kuma cacar ƙwallo ta kama Tankari. Wani ɗan shago anka buɗe a bakin kasuwa, wanda ake ce wa kiyos, da tele, wato talabijin, a rataye. Mutum ya sayi tike, a jera masa wasanni a kai, ya faɗi wanda zai ci a kowane. In duka sun faɗa yadda ya ce, ya samu. In ɗaya ya kuskure, an ce tike ya yanke. Moto ta tafi a nan. Akuyar matarsa ta tafi. Ya rame, barci ya ƙaurace masa, ya koma mai faɗa da ɗiyansa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sannan wata safiya babanku ya hau rumbu zai fiddo hatsi, ya taras an yi rami a tsakiyar dammunan gero, an jera na sama don kada a gane.

A tsakar gida anka yi zaman, kowa da maganarsa. Yaya Dije, wadda ta tashi cikin bori kuma ba ta taɓa barinsa ba, ta buga sanda a ƙasa.

“Wanga ba yin kansa ba ne. Doguwa ce ta hau shi a hanyar Sukukutane, ina gaya muku tun yana bin dajin nan da moto. A ba ni baƙar akuya da masu goge, in sauko da ita.”

Abdu, ƙanen Tankari, wanda ke kasuwanci kuma ya shiga sahun masu wa'azi, ya ɗage wando ya miƙe.

“Inna Dije, ki bar mu da wagga maganar. Babu wata doguwa. Caca haramun ce, ya sani, ya zaɓa. Baba, in ba a raba shi da gidan ga ba, yunwa za ta kashe mu kahin damina.”

Babanku mutum ne mai haƙuri, irin wanda in ya fusata sai ya rage murya. Ya dubi Tankari, wanda ke durƙushe kansa a ƙasa.

“Na rantse da Allah, in ka ƙara taɓa rumbun ga, ka bar mini gida. Kai da ni sai a lahira.”

Ni fa? Ni da kowa ke tsoron bakina? Ina bakin murhu ina tura itace a wutar da ba ta buƙatar itace. Uwa ba ta tsoma baki a shari'ar ɗan fari.

Ba a daɗe ba anka kira mu formasiyo, wato zaman ƙaro ilimi, a gidan likita. Mun ɗauka maganar zazzaɓi ce ko ta nonon uwa. Sai ga wata mace daga Yamai, Madam Rakiya, gajeruwa mai saurin magana, wadda ta yi karatun sanin halin ɗan Adam. Ta ce yau maganar caca za mu yi. Mata sunka fashe da dariya, wata ta ce ai sai a kira maza. Madam ta ce maza ke yi, amma a gidan likita mata da yara ake gani: yaron da ya rame don an sayar da hatsin gida, matar da jininta ya hau, mijin da ya daina barci har ya fara maganar ya gaji da duniya. Ta ce ciwo ne da ke shiga ta mutum ɗaya ya kwantar da gida. Na gyara zama.

Ta fiddo ƙwarya rufe da ƙyalle, cike da marafan kwalba, wasu ja, wasu fari. Ta ajiye sandar sabulu a kan tebur. Ta ce kowace za ta sa hannu ta zaro uku ɗaya bayan ɗaya, wadda ta samu ja uku sabulu nata ne. Ba a biyan komai. Amma sai ta haɗa mu biyu-biyu, ta ce mai jira ta riƙe tsintsiyar hannun mai zara, ta ɗora yatsu a kan jijiya kamar yadda majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya koya mana jin bugun jinin mara lafiya. Anka haɗa ni da Jumo, wata Bafillata mai sayar da nono, mace mai nauyin baki da ba ta cika dariya ba. Ta zaro fari, ta zaro ja, ta zaro fari. Jijiyarta na tafiya a hankali kamar saniya mai komawa gida. Ta taɓe baki ta ce dama ita ba ta da sa'a. Munka sake layi. Wannan karon ta zaro ja. Ta zaro ja. Wayyo, ɗiyana! Abin da na ji a ƙarƙashin yatsuna! Kamar an saki ɗan maraƙi daga turke. Ta sa hannu na uku, ta zaro fari. Na ce to, yanzu zai kwanta. Ina! Sai ma ya ƙara gudu. Jumo da ba ta magana ta miƙe tsaye.

“Madam, saura ƙiris! Wallahi na taɓa jan na sake shi. Ƙara mini ɗaya!”

Madam Rakiya ta tambaye ta, “A karon farko mi kika samu?”

“Ba komi.”

“A na biyu fa?”

Jumo ta dubi hannunta wofi, ta ce, “Ba komi.”

“To don mi na farko kika zauna, na biyu kika tashi?”

Ni na yi ihu. Wallahi ihu na yi, har majo ya leƙo ta taga. Na ce, “Madam, jikinta bai san ta faɗi ba! Yana nan yana murna!” Madam ta tafa hannu ta ce abin da masu bincike sunka daɗe suna gani ke nan: in mutum ya kusa ci ya rasa, jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suna zabura kusan kamar ya ci, sai su tura shi ya sake. Ta ce masu shirya caca sun san wannan sarai. Shi ya sa ake jera wasanni da yawa a tike ɗaya, don mafi yawa su faɗa daidai, ɗaya ya yanke, mutum ya tashi yana ganin gwaninta ce ta kusa kai shi, alhali hannunsa wofi. Da layi ya zo kaina, ni ma ja biyu na zaro, Jumo na riƙe da ni tana dariya har da hawaye tana cewa, “Kulu, dokinki ya ɓalle!” Ni da na san dabarar, ni da ban rasa sabulu a ɗakina ba, na ji bakina yana roƙon a ƙara mini. A nan na gane abin da ke jan ɗana. Na ji kamar an ɗage mini rufin ɗaki rana ta shigo.

Da anka tashi na tare Madam a bakin ƙofa. Na ce wata maƙwabciyata ce ke da ɗa haka. Ta dube ni, ta yi kamar ta yarda. Ta ce a kawo shi wurin majo, akwai zaman da ake yi da irinsu, kuma kada a sa ran zai bari rana ɗaya. Amma ta ce abin da ya fi wuya shi ne ya yarda ya zo, don kora da zagi ƙara tura su suke yi kiyos. Sai an samu wani nasa da zai zauna da shi, ya yi masa magana ido da ido, ba faɗa.

“Uwarsa na da rai?” in ji ta.

Na ce, “Tana da rai. Ɗan fari ne.”

Ta ce, “To fa.” Ta gane, don ita ma ɗiyar ƙasar nan ce.

Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na kama hannun babanku in nuna masa, ya fizge ya ce in bar shi da wasan yara. Na je wurin Yaya Dije, don ita ke da ikon yi masa magana. Na yi mata bayani tun daga ƙwarya har sabulu. Ta saurara, ta ce, “To ai ga ta nan kin faɗa da bakinki. Mi ke sa jini gudu in ba iska ba?” Na gwada Abdu, ya ce ko jini ya yi gudu ko ya yi rarrafe, hukunci ɗaya ne. Na gwada tsohuwar hanyata. Tankari na alwala, na dubi bango na ce, “A gaya wa wancan, saura ƙiris ba ci ba ne.” Ya dubi bango ya ce an ji. Bango bai iya riƙe hannun mutum.

Ranar kasuwa bayan azahar, matar Tankari ta shigo ɗakina da sauri. Ta ce ta gan shi ya hau rumbu da hantsi lokacin da maza ke gona, ya fita da dami ta bayan darni. Babanku bai sani ba tukuna, amma zai sani, don shi ke hawa rumbun. Na ɗauki mayafi. Ban tsara komai ba, kada wani ya gaya muku na tsara. Ƙafata ce ta kai ni.

Kiyos cike yake da samari, har waje, kowa ya ɗaga kai yana kallon tele, kowa da ’yar takarda a hannu. Mace ba ta shiga wurin. Na ratsa su da gwiwar hannu. Wani ɗan rainin wayo ya ce, “Hajiya, wace ƙungiya za a buga miki?” Na ce, “Ta uwarka, matsa mini.” Anka kwashe da dariya, hanya ta buɗe. Ga shi can a kan benci, ya dunƙule tike, bakinsa na motsi. Na ji wanda ke kusa da shi yana cewa duk wasannin Tankari sun faɗa, wannan ne na ƙarshe, kuma ana gab da tashi. Bai gan ni ba. Na tsaya a kansa, na miƙa hannu na kama tsintsiyar hannunsa. Rabon da fatata ta taɓa tasa tun ranar yaye. Hannun ya yi kauri, ya yi kanta, hannun magidanci. Ya juyo ya gan ni, ya daskare. A daidai nan wurin ya ɗauki kuwwa, an jefa ƙwallo a ragar waɗanda ya zaɓa. Tike ya yanke. Ya manta da ni, ya zabura.

“Kai! Ɗaya! Ɗaya tak! Saura ƙiris!”

A ƙarƙashin yatsuna kuwa ga ɗan maraƙin nan na Jumo, yana gudu kamar zai fasa fata. Murna ta kama ni a wurin da ya kamata in yi kuka. Ga shi, na kama shi da hannuna! Bakina ya buɗe.

“Tankari!”

Ban san muryata na da ƙarfi haka ba. Kiyos ya yi tsit, sai tele kaɗai ke surutu. Duk yaran garin ne, sun san ko ni wace ce gare shi. Sunan ya fito mini da wani ɗanɗano baƙo, kamar abincin wata ƙasa. Na sake faɗa don in tabbatar.

“Tankari, kawo ɗaya hannun. Ɗora nan. Danna. Ka ji?”

Ya ce a hankali, “Kulu, mutane na kallo.”

“Su kalla. Ka ji ko ba ka ji ba?”

“Na ji.”

“Ka ci?”

“A'a.”

“Nawa anka ba ka don ka kusa?”

Ya dubi tiken da ya dunƙule.

“To dubi yadda shina gudu. Jikinka shina can shina biki, kai kana nan ba moto, ba akuya, ba gida in ubanka ya hau rumbu. Ba gwaninta ba ce, ɗana. Haka anka gina abin, don ya riƙa yankewa a ɗaya. Ni ma ya kama ni a kan sandar sabulu.”

Na waiga, sai na ga rabin samarin nan sun ɗora yatsu a hannuwansu. Mai rainin wayon nan ya ce, “Wallahi nawa ma shina yi!” Mai kiyos ya ce in fita ina ɓata masa kasuwa. Na ce zan fita, amma da nawa. Tankari ya tashi. Ban saki hannunsa ba, munka ratsa kasuwa haka, ta rumfar masu goro, ta wurin masu nono, inda Jumo ta rangaɗa guɗa. Kafin mu kai gida labari ya riga mu.

Shi da kansa ya durƙusa ya gaya wa babanku maganar damin. Babanku ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, “Na riga na rantse.” Na ce, “Ka rantse a kan ɓarawo. Wanga mara lahiya ne, gobe zan kai shi wurin majo da ƙahwata.” Ya dube ni ya ce, “Ke da kika kira sunansa a kasuwa, ke ce za ki koya mini daidai?” Na ce, “Ni ce. Na karya tawa dokar, ban mutu ba.” Ya ce tasa da Allah ya ƙulla, ba da mutane ba. Ya umarci Tankari ya haɗa kayansa.

Wanda ban zata ba shi ya yi magana. Abdu yana jingine da zaure tun ɗazu, fuskarsa a murtuke. Ya yi gyaran murya.

“Baba, rantsuwa na da kaffara. In mutum ya rantse, sannan ya ga abin da ya hi alheri, sai ya yi alherin ya ciyar da miskinai goma. Ban ce na yarda da maganar jijiyar Inna Kulu ba. Hukuncin dai na faɗa.”

Babanku ya sunkuyar da kai, ya share fuska da hannun riga. Ya ce wa Tankari, “Hau rumbun. Wannan karon ni na aike ka. Fiddo na kaffara.”

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daidai. Ya koma kiyos bayan haka, ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin da ya koma sai ya zo ya gaya mini, mu koma wurin majo tare. An daɗe kafin abin ya sake shi. Ni ma na biya nawa. Tsofaffin unguwa sunka daina kirana rakiyar amarya, sunka ce wadda ba ta da kunyar ɗanta mi za ta koya wa ɗiyar wani. Wanda ya fi ci mini rai shi ne Yaya Dije. A ganinta na ƙwace mata ɗa, na kuma sa masa baki.

Washegarin ranar kasuwar nan na tuƙa tuwon kaffara da miyar kuka, Tankari ya riƙa ɗauka yana kai wa mabuƙata gida-gida. Na zuba akushi na musamman, da man shanu a kai, na ce ya kai wa Innarsa Dije. Bai jima ba ya dawo da shi a rufe yadda na ba shi.

“Ta ce ba ta cin tuwon marasa kunya.”

Na karɓa. Zuciyata ta yi zafi, don Dije ce ta goya ni kafin ta goya shi. Na buɗe akushin, tuwo na ta tururi. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda kowa zai gani, na zauna, na ajiye shi a gabana.

Na ce, “Tankari, wanko hannunka ka zo. Ba a zubar da abincin kaffara.”

Ya wanko, ya zauna, munka sa hannu a akushi ɗaya. Sai a ranar na san ɗana da hagu yake gutsurar tuwo, kamar ubana.